Eka Arba'in ta Injiniya Haladu

Duk faɗin Bunkure, kai, har ka dangana da Kura, ba a taɓa yin gwani irin Malam Haladu ba. Shi ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman rani, kuma tun da aka kawo wa ƙungiya kwamfuta ya daina amsa sallama sai an ce "Injiniya". Mu dai a bayan idonsa Latsa-Latsa muke ce masa. Da bargo yake rufe kwamfutar kada sanyin kanal ɗin ban-ruwa ya kama ta, kuma ba a tayar da janareto sai ya sa tabarau.

Ranar shigar da sunaye muka yi layi. To, kowa ya san halin manomi: tambaye shi girman gonarsa, sai ya raba biyu ya faɗa maka, gudun bakin mutane. Mai eka uku ya ce ɗaya, mai ɗaya ya ce ɗan fegi ne. Da aka zo kan Injiniya, mai eka ɗaya da rabi ta gado, sai ya gyara hula ya buga arba'in.

"Har da waɗanda nake niyyar saye," in ji shi.

Sannan ya yi mana darasi. "Wannan alamar tana nufin fiye da, wannan ƙasa da, mai layi biyun nan kuma daidai da. Na'ura ba ta san suruki ba. Abin da ta tace shi ne hukunci, ba roƙo, ba gyara!" Har fatiha ya sa aka shafa a kan haka.

Sai ga taki an kawo, na ƙananan manoma kaɗai, daidai lokacin da tumatir ɗin Injiniya ya fara yin ruwan ɗorawa don yunwa. Shugabanmu Alhaji Sammani ya ce, "Injiniya, tace mana masu ƙasa da eka biyu."

Ya latsa cikin ƙasaita. Sunaye suka zubo, kaf garin. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya goge tabarau. Babu Haladu.

"Wuta ce ta yi ƙasa," ya ce, yatsansa na lallaɓawa zai yi gyara.

"A'a, Injiniya, an fa shafa fatiha," in ji Alhaji Sammani. "Tun da kana kai, ciyawa ta toshe babban kanal, kuma ka san yashe shi aikin manyan manoma ne. Fito mana da masu fiye da eka goma."

Ya latsa. Suna ɗaya tak ya fito.

Wallahi har tausayi ya ba ni. Washegari muna wucewa da buhunan taki a kan kekuna, ga Injiniya tsulum a cikin kanal, taɓo har ƙugu, tabarau na nan daram. Tsohuwa Inno ta tsaya a bakin gaɓa ta ƙare masa kallo.

"Sannu da aiki, ɗan nan," ta ce. "Ka dage, gonakin nan da kake niyyar saye ma ruwa bai kai musu ba tukuna."