Zobba Bakwai Masu Girma Ɗaya

Ina so a shaida cewa ban aikata abin nan cikin gaggawa ba. Shekara talatin na yi ina adana takardun ofis a Birnin Kebbi, ban taɓa barin abu a karkace ba.

Da ɗana ya aiko mini sandar kamun kifi ta zamani, na auna zobban da zare ke bi, guda bakwai, da rula. Na farko ya kai bakin kofin shayi, na ƙarshe bai fi ƙwayar masara ba. Na rubuta a littafina cewa masana'anta ta yi sakaci, sannan na sa wani maƙeri a Gwadangaji ya mayar da su duka ƙanana, girma ɗaya.

Ranar Asabar na isa bakin gulbi a Argungu domin in rufe bakin taubashina Ummaru, masunci, wanda ya daɗe yana cewa ɗan boko ba ya kama ko tarwaɗa. Na gyara tsayuwa, na wurga ƙugiya. Zaren ya fito a murɗe, ya rasa faɗin wucewa, ya cukurkuɗe a zoben farko. Ƙugiyar ta dawo ta ɗauke hulata.

Ummaru ya duba sandar ya ce, "Babban zoben shi ka miƙe zare, Malam. Ina kak kai shi?"

Na ce, "Na daidaita shi."

Har yau ina kan bakana cewa zobbana sun fi tsari. Shi kuwa duk Sallah sai ya durƙusa gabana ya ce, "Ranka shi daɗe, Sarkin Ruwa. Hula nawa anka kama bana?"