Ranar da Na Ɗora wa Ɓarayi Rago da Hannuna

Komai tsufan da zan yi, ba zan taɓa mantawa da ragon auren Yaya Sule ba, don shi ya raba ni da zagin 'yan sanda.

Zamanin mulkin Faransa ne, ina saurayi mai tashe, ina tsaron shagon atamfar babanmu a Kasuwar Kilomita Biyar. Faransancina bai wuce cikin cokali ba, amma duk Lahadi da yamma ina gidan silima, Litinin kuma in wayi gari ina fassara wa 'yan kasuwa abin da na gani (da wanda ban gani ba).

Wata Lahadi aka nuna mana fim ɗin wasu ɓarayi da suka yashe banki. Babu bindiga, babu fasa bango. Ɗayansu ya sa kakin babban hafsa, ya doshi ƙofa. Ɗan sandan da ke gadi ya ƙame ya sara masa, ya buɗe, har da taya su cicciɓar akwatin kuɗi zuwa mota. Abin ya tsaya mini a rai. Kwana uku ina wa'azi a bakin shago.

"Wannan ai rainin hankali ne," in ji ni. "Wane ɗan sanda ne zai bar mutum ya wuce bai dubi fuskarsa ba, bai nemi takarda ba? Da ni ne, ko Gwamna sai ya cire hula."

Maƙwabcin shagonmu, Baba Saje, tsohon ɗan sanda ne da ya koma sayar da goro. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa tsayawa gadi?"

"Ban taɓa ba, Baba, amma ina da ido."

"Shi ma yana da ido. Kota zo ne ya tsaya gabansa, wato babban mutum. Ba kowa ake ɗaga ido a kalla ba."

Na ce wannan uzurin ragwaye ne. Ya yi murmushi, ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa.

To, a danginmu akwai wata al'ada. Ranar ɗaurin aure taubasan ango, wato 'ya'yan kawunmu na unguwar Kokoro, sukan yi ƙoƙarin sace ragon walima. In sun ci nasara a fanshe shi da goro, mai gadin kuwa ya ɗaura zani ya taka rawa a gaban mata. Da auren Yaya Sule ya zo, kowa ya noƙe. Ni da bakina na ce a bar mini. Ina da dalili kuwa: ina neman Rakiya, kuma na san ita da mahaifiyarta, Inna Delu, za su zo bikin. So nake a ce yaron nan jarumi ne.

Na ɗaure ragon a bayan gida da igiya biyu, na rataya masa ƙararrawa, na zauna kan turmi da sanda. Wanda duk ya gifta sai na tare shi. Har mai tallan rogo sai da na sa ta sauke tire (ta zage ni da yaren Sango, zagin da har yau ban sami fassararsa ba). Babban abin da nake jira shi ne Tanko, shugaban taubasan, wani dogo mai ƙafa kamar faranti. Har azahar bai ɓullo ba. Na ce tsoro ya kama shi.

Ana cikin haka sai ga Ladi, ƙanwar Tanko, ta leƙo tana rage murya. "Kai, gyara zamanka, ga Inna Delu nan."

Jama'a, surukata! Kafin ta rufe baki na yar da sanda, na cire takalmi, na zube ƙasa, kaina a sunkuye. Ɗan mutunci ai ba ya haɗa ido da uwar yarinyar da yake nema. Abin da na gani kawai gefen zani ne mai ruwan goro, da mayafi har ƙasa.

"Ina wuni, Inna?"

"Mm."

"An zo lafiya? Ya mutan gida?"

"Mm."

Na ji daɗin wannan "mm" ɗin, na ce lallai gidan kunya zan shiga. Ladi ta ce, "Inna ta ce mahauci yana jira a unguwar Yakite, a ɗora ragon a pusu." Pusu shi ne amalanken turawa, ga shi kuwa an riga an jingine a ƙofa.

Na kwance igiya biyun nan da hannuna. Na cire ƙararrawar don kada ta dami Inna. Na rungumi rago, yana harbina, na ɗora. Ina sunkuye na hango ƙafar Inna ta leƙo daga ƙarƙashin zani, ƙatuwa, duk kaushi. Wallahi abin da ya zo mini shi ne, Allah na gode da Rakiya ba ta gado ƙafar nan ba. Har kwanar layi na tura musu, na ƙara durƙusawa na ce a sauka lafiya.

Na dawo ina fara'a, na shiga tsakar gida neman ruwa. Wa zan gani a kan tabarma, tana tsakiyar cin tuwo, da 'yan ƙafafunta ƙanana? Inna Delu. Tun safe tana nan.

Ban gama haɗiye yawu ba sai ga guɗa daga waje. Tanko ya shigo yana rangwaɗa da zani mai ruwan goro, ya yaye mayafi ya ce, "Mm."

Gidan ya kece da dariya. Zanin nan nasa aka kwance aka ɗaura mini. Mai kalangu ya saki kiɗa, na taka, mata suna liƙa mini ɓawon gyaɗa a goshi. Inna Delu ta gaske ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Rakiya kuwa sai da aka riƙe ta. Da na ga ba mafita sai na saki jiki na karya ƙugu, har aka ce ango bai kai ni farin jini ba.

Ina fitowa na iske Baba Saje a zaure, shi aka kira ya kawo goron fansa. Ya miƙe tsaye, ya ƙame, ya sara mini.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ka nemi takarda?"

Rakiya dai na aure ta. Inna Delu ce ma ta sa baki, wai yaron da zai ba da rago don kunyarta ba zai wulaƙanta 'yarta ba. Tun daga ranar, in ana kallon fim aka fara zagin ɗan sanda, ni nake tsaya masa. Nakan ce a yi masa uzuri, shi akwati kawai ya ɗauka, bai raka su har kwanar layi ba.