Rasuwar Igiyar Makewayin A'i

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugun da ya daina ɗaukar mai shi, ni A'i, tsohuwar gidan nan na bayan kasuwar dabbobi a Gure, nake sanar da dangi na kusa da na nesa, da maƙwabta, da duk wanda ya ci naman suna a gidana ya lashe yatsa, rasuwar abokiyar zamana, Igiya, wadda ta tashi daga ƙofar ɗakina, ta bi ta gindin dogon yaro, ta ƙare a bakin makewayi. Ta rasu ranar jajibirin sunan jikata, a hannun ɗan farina, da wuƙa. Ba ta yi jinya ba, jinyar ni ta bar wa.

An haifi marigayiya a kwari, cikin lambun mai gidana, Allah ya ji ƙansa. Shekarar da yanar ido ta fara rufe mini gani na yi tuntuɓe da turmi na fasa goshi. Bai ce mini sannu ba, don shi ba mutumin sannu ba ne. Ya tafi lambu ya yanko kaba, ya jiƙa ta, ya zauna yana tufka a cinyarsa har gashin wurin ya ƙare. Da ya gama ya ɗaure ta daidai tsayin hannuna, ya sa ni na bi ta yana kallo. Inda ƙasa ta gangara ya yi ƙulli ɗaya. Inda dakalin siminti yake a bakin makewayi ya yi ƙulli biyu manya, don in hannuna ya taɓa su in san lokacin ɗaga ƙafa ya yi. Bai daɗe ba bayan haka ya rasu ya bar mu, ni da ita.

Duk unguwa shaida ce a kan halin marigayiya. Ba ta taɓa ce mini in jira ta gama waya ba. Ba ta taɓa tambayata me na ci nake yawan fita ba. In na miƙe jiri ya ɗebe ni, kamar yadda maganin tansiyon, wato hawan jini, da majon asibiti ya rubuta mini yake sa ni, sai in riƙe ta in tsaya har duniya ta daina juyawa, ita kuwa ta ce "ƙiii", iyakar maganarta ke nan. In muna tafiya tana cewa "ƙyas, ƙyas" a tafin hannuna. Ta yi haƙuri da masu shanya zani a kanta, da jikokin da suka mai da ta lilo, da samarin da ke ɗaga ta da tsaki su wuce da babur. Saboda ita, tun da idona ya tafi ba a taɓa riƙe mini buta ba, ba a taɓa tsaya mini a bakin zana ana jira ba. An raba ni da kasuwa, an raba ni da lambu, an raba ni da turmi, na haƙura. Abin da ya rage mini shi ne in kai kaina makewayi in dawo ba wanda ya sani, kuma ina alfahari da shi fiye da yadda wasu ke alfahari da Makka. Igiya ce ke riƙe mini wannan, safe da rana da yamma.

Ga yadda ajali ya zo. Nasira, matar ɗan farina, ta haifi mace, aka sa ranar suna a gidan nan da muke zaune tare. Sunan Nasira ina faɗinsa. Na autata Rumasa'u ina faɗinsa. Na ɗana Nafi'u da ke Yamai ina faɗinsa har in haɗa da zagi. Na ɗan fari kuwa bai taɓa fita bakina ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa faɗin na yayana ba. Ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, ban taɓa roƙonsa ko ruwan sha ba. In ina da magana da shi sai in aiki wani, ko in gaya wa bango ya ji. Haka muka taras ana yi, kuma an daɗe ana yabona a kai, ana cewa A'i akwai kunya.

Ɗan farin ya sayo rago daga Alakos, ƙato, mai ƙaho murɗaɗɗe, don surukansa na Kelle su gani su koma da labari. Da yammar jajibiri ragon ya tsinke ɗaurinsa ya shiga zagaya gida, ya kifar da tukunya, mata na ihu. Ku tuna gidan nan bayan kasuwar dabbobi yake, inda ake sayar da igiya kowace rumfa. Amma kasuwa sai an taka, Igiya kuwa ga ta a gabansa. Ina zaune a ƙofar ɗaki na ji ta ce "tas", sannan na ji ta zube ƙasa. Sai ɗan farin ya ce, ba da ni ba, da iska, "A gaya wa Inna gobe in an yanka zan mayar mata." Rumasa'u ta juyo ta gaya mini, kamar ba a gabana aka faɗa ba. Na ce a gaya masa ba komai.

Washegari gawar marigayiya ta ga wulaƙanci. Da ita aka ɗaure ƙafafun rago. Da ita aka rataye shi aka feɗe. Guntun da ya rage aka ja bashe, wato tamfol, da shi don baƙi su sami inuwa. Aka raɗa wa yarinya sunana, wai girmamawa. Aka ɗaura mini sabon zani, aka sa mini sababbin silifa masu sulɓin ƙasa, aka zaunar da ni ana zuwa ana gaishe ni kamar kayan jere. Ni kuma na ƙi ruwa, na ƙi fura, cikin zafin nan na Gure, don kada fita ta kama ni. Wa zan kira ya ja ni makewayi a gaban surukai? Masu kawo mini ƙwarya suna cewa kaka ta cika kara, ko ruwan sunan ɗan fari ba ta sha.

Bayan azahar jiki ya ƙi dabara. Mata sun koma ƙarƙashin bashe ana rabon nama, lasifika na ta kururuwa. Na miƙe, jiri ya tare ni, na ɗaga hannu inda Igiya take na kama iska. A haka na tafi, hannu a sama, ina lalube da ƙafa. Masu wanke tukwane da kayan ciki sun zubar da ruwansu duk a hanyar, ga kitse ga sabulu. Gangaren na wuce shi da ikon Allah. Dakalin kuwa ba wanda ya gaya mini na iso shi, don mai gaya mini tana can tana yi wa baƙi inuwa. Ƙafa ɗaya ta buge shi, ɗayar ta zame, na faɗa cikin makewayi ta gefen ƙugu, na ji irin ƙarar da ake ji in an karya busasshen kara. Zanina ya kwance. Abin da na je yi kuma ya yi kansa.

A bayan zanar, tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba, ɗan farina na shimfiɗa fatar rago yana barbaɗa mata gishiri. Ina jinsa yana waya, yana gaya wa wani yadda ragon ya yi kitse. Na buɗe baki in kira shi, harshe ya ƙi. Sunan da na haɗiye tun ranar da aka raɗa shi bai san hanyar fita ba. Kuma in ya zo, me zai gani? Sai na yi gyaran murya. Ya ji, ya gane muryar uwarsa ce, kuma da yake yaro ne mai tarbiyya, sai ya naɗe fatarsa ya bar wurin don kada ya takura mini. Har ya gaya wa mata kada kowa ya je, Inna na ciki. Da ya tafi na kira Rumasa'u, na kira Nasira, lasifika ta fi ni murya. Na kwanta a rana, ƙudajen da suka ƙoshi da jinin rago suka dawo kaina, har aka kira la'asar. Kowa ya yi ladabi a ranar nan, ba a bar ko ɗaya ba a yi ba.

Rumasa'u ce ta kawo mini hanta ɗaki ba ta gan ni ba, ta biyo. Ta kasa ɗaga ni. Ta kwarma ihu ta kira yayanta da sunansa, da ƙarfi, ashe abu ne mai sauƙi. Ya sheƙo, surukai na biye da shi. Ya tuɓe rigar sunansa ya rufe ni, amma bayan idanu sun gama aikinsu. Ya ɗauke ni kamar jaririyarsa, yana cewa, "Inna, don me ba ki kira ni ba? Ina nan fa, Inna, ina nan bayan zana." Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a wannan tafiyar ba, kuma ban taɓa riƙe wuyan mutum da ƙarfi haka ba.

Aka kai ni Damagaram, aka ɗauki hoton ƙashi, lokotoro ya ɗaga shi ya nuna musu inda kwatangwalo ya rabu. Ya yi aikinsa, Allah ya saka masa, ya ce sauran sai abin da ƙashin tsufa ya yarda. Sannan ya tara 'ya'yana ya yi musu karatu. A share hanyar tsohuwa, kada a bar ruwa a kanta. A ba ta takalmi mai kama ƙasa. A riƙa ba ta ruwa ta sha, ta zauna tukuna kafin ta miƙe. A duba idon nan nata. A sa mata abin riƙewa tun daga ɗaki har makewayi. Suka yi ta gyaɗa kai, Nafi'u da ya zo daga Yamai har da cewa lallai ilimi ya ci gaba. Ina kwance ina jin ana bayanin Igiya kamar sabon maganin da aka kawo daga Turai.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙusa ɗaya a dogarin ƙofata, da tabo a jikin dogon yaro, da ƙullin nan biyu da Rumasa'u ta tsinto a juji, jini ya bushe a kansu. Ta bar magajiya, wata igiyar roba shuɗiya da ɗan fari ya sayo ya ɗaure tun daga ƙofa har makewayi. An ce tana da kyau, Nasira na shanya kayan takwarata a kanta. Ta bar wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da Nafi'u ya aiko, wanda in an dafa shi sai ya nutse cikin yashi, yanzu zakara ke cara a kansa. Ta bar fo a ƙarƙashin gadona. Ta bar Rumasa'u, wadda ta baro gidan mijinta tana zubar da fon safe da yamma, tana riƙe numfashi, tana tsammanin makauniya ba ta jin haka. Da yake ba ta iya ɗaga ni, yayanta ke shigowa da sallama, ya kau da fuska, ya ɗora ni, ya fita ya tsaya bakin ƙofa yana jira in gama. Sannan ta bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a nan gida. Liman ya aiko cewa ba a yi wa igiya salla, na ce ban nema ba, ya zo dai ya zauna ya gani. Za a wanke ƙullin biyu da ruwan ɗumi, a naɗe su cikin ƙyallen zanin da na faɗi da shi, a binne su a gindin dakalin. Masu ta'aziyya za su same ni a ɗaki, ba inda za ni. Ku yi sallama ku jira a amsa, don ba kowane lokaci nake shiguwa ba. Kada wanda ya zauna gefen gadona ya ce mini tsautsayi ne. Na riga ku sanin ƙaddara, amma wuƙar a hannun mutum take. Wanda ke da tsoho a gida ya rage zaman makoki, ya koma ya duba abin da tsohon ke dafawa in zai tashi, don shi ba zai gaya muku ba.

Saura mai ɗaukar gawa. Ɗan fari ya aiko Rumasa'u neman gafara, ya ce in faɗi ko me nake so zai yi. Na faɗa. Ranar jana'izar za a kwance shuɗiyar igiyarsa, a zuba ruwan wanke-wanke a hanya, a ɗaure masa ido da ɗankwalina, a ba shi gawar a hannu, ya tashi daga ƙofar ɗakina har dakalin ba mai ce masa ga shi nan. Ya yarda. Rumasa'u ta ce da kuka ya yarda, na ce ban tambaye ta ba. Nasira ta zo ta durƙusa da jaririya a bayanta ta ce, "Inna, ki yi wa Allah, in ya karye fa?" Na ce ta tashi, ƙashinsa sabo ne.

Ina roƙon duk wanda ya halarta, in ya faɗi kada kowa ya taɓa shi. Ku bar shi ya kira uwarsa, shi ba abin da ya hana shi kira. A bar ƙofata a buɗe don in ji shi sarai. Zan ji shi, kuma ba zan iya tashi ba.