Injin Ɗaure Akuya

Zamanin Turawa na ga tsohon injin sassaƙar ƙarfe a wurin gwanjo a Sakkwato. Ni da ban taɓa riƙa guduma ba, na saye shi, na ce maƙeran Wurno sun shiga uku. Raƙuma suka kawo shi gunduwa-gunduwa, unguwa ta taru, ina ta ba da umarni. Da aka gama haɗawa, Baba Maƙeri ya ɗago wata igiya a bayan injin.

"Ɗana, wagga wutsiya ta mi ta?"

Wayar lantarki ce. Duk Wurno kuwa sai fitilar aci-balbal.

Matata ta samu turken akuya. Har yau in na gitta maƙera sai na ji: "Injiniya, an kawo wuta, ko akuya ka aiki da shi?"