Bangon da Gagara-Rusau Ya Gina a Na'ura

"In dai sunan abu bulo, to ko daga sama yake faɗowa ni ne ubansa," in ji shugaban maginanmu, yana dukan ƙirji da cokalin gini. Shi ya raɗa wa kansa suna Gagara-Rusau, mu kuma leburorinsa in ya juya baya Tumbin Siminti muke ce masa. Kar ka ga laifinmu, mai karatu, tumbin yana riga shi shiga ɗaki da taku biyu.

Ga abin da ya jawo wannan cika baki. Bene mai hawa uku muke ginawa, kuma duk faɗin ginin wuri ɗaya ne mai sanyi, wani ɗan sito a ƙarƙashin matakala. Nan muke miƙe ƙafa in rana ta take, mun shimfiɗa buhunan siminti, mun mai da shi gadon gidanmu. Masu fenti da suka zo daga baya sai dai su raɓe a bakin ƙofa suna haɗiyar yawu. Shugabansu wani siriri ne marar magana, ana ce masa Tsinke. Kullum lokacin hutu yana duƙe kan wata 'yar na'urar wasa ta hannu, inda ƙananan bulo masu siffa iri-iri ke zubowa daga saman allo, mutum na juya su yana jerawa.

Ranar nan Gagara-Rusau ya leƙa ya gani, sai abin ya ba shi haushi.

"Kai Tsinke, da izinin wa kake gini a wurin aikina?"

"Wasa ne, Maigida. Akwai ta biyu a jaka, in aka haɗa su da waya mutum biyu na karawa."

"Ɗauko ta. In ka ci ni, sito naku ne har a gama bene. Wanda aka ci kuma ya kwashi jama'arsa su koma hutu a saman rufi."

Saman rufin nan kankare ne tsirara da rodi a tsaitsaye, ko ƙadangare ba ya yarda ya wuce ta wurin da tsakar rana. Tsoho, wanda ya fi mu shekaru a kwaɓa siminti, ya ja hannun rigarsa.

"Maigida, ka taɓa riƙe abin nan kuwa?"

"Shekara talatin ina jera bulo, Tsoho. Mai shafa launi ne zai koya mini?"

Tsinke mutumin kirki ne, ya so ya faɗa masa ƙa'idar wasan. Maigida ya ɗaga masa hannu, ya ce a nuna masa inda ake dannawa kawai, sauran ilmin yana cikin jininsa. Mu kuma, da yake hankalinmu bai fi nasa da yawa ba, muka yi tafi.

Aka haɗa waya, aka fara. Babban yatsan Maigida ya kai kan guduma, in ya danna maɓalli ɗaya sai uku su amsa. Duk da haka ya lallaɓa, harshe a waje, ya jera layin farko tas, babu ko kafar allura. Cikewarsa ke da wuya layin ya yi walƙiya ya ɓace.

"Wa ya kwashe mini layi?" Ya juya na'urar ya duba bayanta, ya duba ƙasa tsakanin ƙafafunsa. "Tsinke, ta cikin wayar nan kake zuƙe mini kaya ko?"

"Ai Maigida haka ake so, duk layin da..."

"Rufe mini baki. Gini ya ɓace ka ce haka ake so? Shi ya sa ba a ba ku komai sai buroshi."

Nan fa ya yi tunani mai zurfi irin na manya, ya gano cewa layin da ya cika shi ɓarawon ke ɗauka. Sai ya shiga barin rami a kowane layi. Ya raɗa mana dabarar a kunne, muka jinjina kai, har wani cikinmu ya ce wannan basira ba a makaranta ake samunta ba. Bango ya fara tashi. Ya bar taga a hagu, ya bar ƙofa a tsakiya. Da dogon bulon nan ya sauko, wanda masu wasan ke jira kamar ruwan sama, sai ya kwantar da shi a kan tagar.

"Linta ke nan," in ji shi. "Ku koyi aiki."

Abin da ba mu sani ba, duk layukan da Tsinke ya share a nasa allon, na'ura na turo wa abokin karawarsa tarkace ta ƙasa. Muna kallo bangon Maigida ya ɗaga da kansa, layi biyu, layi huɗu.

"Kun ga ikon Allah? Abokin gaba na zuba mini harsashin gini kyauta." Ya miƙa wuya ya leƙa allon Tsinke, ya gan shi fayau kamar filin da ba a sayar ba. Dariya ta kama shi har tumbin na rawa. "Bawan Allah, tun ɗazu kana ta danne-danne, ko layi biyu ba ka tayar ba. Da a ƙarƙashina kake da tuni na kore ka."

Tsinke ya ci gaba da danne-dannensa. Yaransa kuwa sun toshe baki da hula, kafaɗunsu na girgiza, mu kuma muka ɗauka kukan rashin sito suke yi. Wallahi har tausayinsu na ji.

Ko minti uku ba a yi ba bangon ya taɓo saman allo. Na'ura ta yi wani ɗan kiɗa, komai ya tsaya cak, rubutu ya fito. Aka miƙo mini, da yake ni ne mai takardar sakandare. Na gyara murya na ce an rubuta wasa ya ƙare.

"To me ya rage?" in ji Maigida. "Na kai rufi, shi ko tushe bai haƙa ba."

Ba mu tsaya jin komai ba, ko takalmanmu da muka tuɓe a sito ba mu saka ba. Mu shida muka ciccibi Tumbin Siminti a kafaɗa, muna nishi muna yi masa kirari. Ya ce mu hau da shi sama, yana so ya nuna wa masu fenti sabon masaukinsu da hannunsa. Hawa uku muka yi da wannan kaya, gwiwoyina na kuka, Tsoho na biye da cokalin gini a ɗage kamar tuta. Muka dire shi a kan kankaren da ke ƙuna, ya leƙa ƙasa yana haki.

"Tsinke, ku hawo mana, wuri na jiranku."

Tsinke ya fito tsakar fili, ya kare ido da tafin hannu. A bayansa muna hango yaransa suna shiga da bokitansu cikin sito.

"Maigida, a wasan nan wanda bulonsa ya fara taɓa sama shi aka ci. Na so in faɗa maka sau biyu." Sannan ya ƙara da ladabi. "Amma tunda kun riga kun kai kanku, ku yi zamanku kawai. Takalmanku ma yanzu za a jeho muku."