Ta Ɗakin Inna da Babban Kati

"…da gajiya, da mutanen gida, da rowar da ta hana ka ƙiba?"

Haka Safara'u ta ƙarasa gaisuwar, ba ta ko ɗago kai daga takardun da ke gabanta ba. Ran kasuwar Yankara ce. Wani kamfanin inshorar lafiya ya kafa rumfa kusa da 'yan hatsi, ya ɗauki Safara'u, da yake ungozoma ce mai ɗan boko, tana cike wa magidanta takardar katin asibiti. Gide ya tsaya a gabanta da zabuwa a hammata. Taubasai ne, uwarta ƙanwar ubansa, kuma tun suna cin ƙasa ba su taɓa rabuwa da daɗin baki ba.

"Lafiya lau, baiwar gidanmu. Wa ya ba jaka alƙalami?"

"Wanda ya ba bunsuru hula. Zauna, kana tare mini iska."

Ya zauna a bakin benci, ya saci kallon gabas. Hadari na haɗuwa, na farko a bana.

Ta jera mashi katunan kamar mai tallan goro. Ƙarami dubu goma sha biyu a shekara, ya ɗauki miji da mata da ɗiya huɗu: zazzaɓi, awon ciki, haihuwa, kwanciyar kwana uku. Babba dubu talatin, ɗiya har shida, shi ne mai tiyata da ƙarin jini, in abu ya gagari asibitin gari su kai mutum Funtuwa a motarsu. Kowanne kuma sai ya kwana talatin kafin ya fara aiki.

"Dubu talatin? Likitan zai biyo ni gona shina mini fifita?"

"Araha ba ta ado. Amma na san ka, ko likkafani sai ka nemi ragi. Kawo sunaye."

"Jabiru. Salim. Mansura. Adnan."

"Sai wa?"

"Shi ke nan. Ƙaramin ya ishe ni."

Ta aje alƙalami. "Sau biyar na sha kunun suna a gidanka, duk biyar ba sukari. Ina ta biyar ɗin, ko ka kai ta kasuwa ne tare da zabbi?"

"Ke, ba a ƙirga ɗiya. Bakinki ya sari dutse."

"Ina ta ɗakin Inna?"

"Ta Inna ce. Je ki tambayi Inna."

Ta ɗakin Inna ita ce 'yar farinsa. Shekararta goma sha uku, bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, haka ya gada kaka da kakanni. Tun yaye take ɗakin mahaifiyarsa. Ita ce kuma mai sikila. Sanyin damina na taɓa ta sai idanu su yi rawaya, gaɓoɓi su riƙe, ta riƙa wani siririn kuka da ke ratsa katanga ya same shi har ƙashi. Bara sai da aka yi Funtuwa da ita a motar haya, kan hanyar da direba ke tafe yana salati yana leƙen daji, aka kuma wuni ana neman jini. To yau da wane baki zai ce a rubuta ta, ga 'yan hatsi sun baza kunnuwa?

Safara'u ta ɗauko hatimi, ta hura shi, ta ɗaga sama. "In na buga, ya bugu har baɗi. Ba ƙari, ba canji."

"Dakata mana. Hannunki na rawa kamar na ɓarauniyar daddawa." Ya gyara wa zabuwa zama. "Wani maƙwabcina ne ya ce in tambaya mashi. In mutum na da yarinya, jininta na ƙonewa, ƙaramin nan ko ledar jini guda ba ya badawa?"

"Ko cokali."

"In ta wuce kwana uku a gado?"

"Su sallame ta, ko shi biya."

"Motar kuma?"

"Shi tsaya bakin titi da ita a kafaɗa, shina ɗaga hannu." Ta kalle shi sama da ƙasa. "Maƙwabcin nan naka, ba wani mai gemu kamar tsintsiyar da ta ƙare ba? Wanda na gani bara bayan dalbejiyar asibiti tun hantsi har la'asar, wai shi inuwa yake sha?"

"Inuwar ubanki ce?"

"Ta kawuna ce, uban matsorata. Inuwa ce ke sa namiji share ido da hula?"

Iska ta taso ta ɗaga takardu, ta zo da ƙamshin ruwa. Gide ya ji sanyinta a wuya, ya tuna rigar yarinyar ba ta da kauri.

Safara'u ta ce ai da sauƙi, babban kati na nan, sai dai dokar kamfani uba ne ke faɗin suna da bakinsa, da ƙarfi, shaidu su ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ki ji tsoron Allah, Safara'u."

"Tsoro na daji, kunya na gida. Kai ka haɗa duka biyun ka saka a aljihu. Mi ke cikin aljihun ma, tun ɗazu kake dafe shi?"

Ya fiddo ƙullin leda ya aje. Buhun masarar da ya ɓoye don taki ne ya sayar da safe. Ta kwance, ta duba, ta dube shi.

"Talatin cif. Kai da ka zo yankan na sha biyu."

"Ban sami canji ba."

"Allah shi shirye ka. To ga rangwame: ka ce kai ne bawa, ni ce uwar ɗakinka, in ara maka bakina."

Ya waiga dama da hagu. Tsawa ta yi gunji can wajen Faskari.

"Ni ne," ya ce a hankali.

"Kai ne mi? Kunnena ya tsufa."

"Bawan. Allah shi isa."

Sai ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin faifai. Ta babban kati ce, a cike tsaf, tawadar ma ta daɗe da bushewa. Tun da safe ta rubuta, kuma ba wata dokar kamfani, ita ta ƙaga abinta. Ta karanta layin farko yadda har masu awon dawa sai da suka juyo: "Hamida Gide."

Gide ya kau da kai yana kallon wani jaki, kamar ba da shi ake ba. Amma babban yatsansa ya riga ya sami tawada, ya danna a takardar har ta kusa hujewa.

Dariya ta kuɓuce mashi, irin ta wanda ya sauke kaya. Ya tura mata zabuwar. "Ungo, mayya. Ki ci ki shaƙe."

"Ramammiya ce kamar mai ita, amma na karɓa."

Ya miƙe, ya yi taku biyu, ya dawo. Ɗigon farko ya faɗo a kan rumfa.

"Kwana talatin ɗin nan, daga yau ake farawa ko daga gobe?"

"Daga yau. In wani abu ya taso kafin nan, ka aiko mini, jininmu ɗaya da ita, an gwada bara. Wa kake zaton ya bayar, dalbejiya?"

Mutumin da ba ya ƙirga ɗiya ya bi ta layin 'yan gwanjo neman rigar sanyi, yana tafe yana naɗe yatsa ɗaya, kwana na farko cikin talatin.