Rufin Ɗakin da Awaki Suka Lashe

Shekara takwas ina zuba allunan filasta na rufin ɗaki a Gazawa, ban taɓa jin kunya ba sai ranar da na ƙaro ilimi. A waya na ga wata masana'anta, alluna na fitowa sumul kamar takarda, mai bayani yana cewa sirrin shi ne ɗan sitacin da suke sawa a kwaɓin. Na daɗe baki buɗe. Ashe abin da ke cikin koko shi ke riƙe da rufin manyan benaye.

A lokacin surukina, Alhaji, ya ba ni aikin falonsa. Masu masana'antar sitaci kaɗan suke sawa, ni kuwa na ce surukina ya wuce kaɗan. Na juye gasarar maiɗakina, roba guda cur, a cikin kwaɓin.

"Malam, kunu za ka dama ko rufi?" in ji ta.

Na ce mata wannan kimiyya ce.

Na shanya alluna ashirin a tsakar gidan Alhaji, muka tafi Juma'a. Da muka dawo, allunan ko bushewa ba su yi ba, ga awakinsa sun jeru sahu guda, kowace da allonta, suna lasa cikin natsuwa, gemu fari fat. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ɗana, na tsufa ban taɓa ganin akuya ta ci rufin ɗaki ba."

Har yau in na je gaishe shi, sai ya leƙa garke ya ce, "Ku tashi, ga mai abincinku ya iso."